Kifin da ke goyo a baki

Ranar da namijin ya ƙi cin abinci na ɗauka ciwo ne ya kama shi. Na zuba musu na safe kamar kullum, macen ta yi ta wawura, shi ko ya ja jiki ya laɓe bayan dutse, haɓarsa a kumbure kamar wanda ya cusa goro biyu a kunci. Na durƙusa na haska shi da tocilar waya. Can sai ya ɗan wage baki yana juya abin da ke ciki, na hango ƴan ƙwallaye ruwan lemo a dunƙule wuri ɗaya. Ƙwai ne. Na kira maiɗakina ta zo ta gani. Ta leƙa, ta miƙe, ta ce, "To Malam, barka. Sai dai ban san da wane ruwan za a yi wankan jegon ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Afrilu muke ciki, kuma duk ɗan Damagaram ya san darajar bido ɗaya a wannan wata, lokacin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, ana bin ƴan ga-ruwa da roƙo kamar kyauta za su ba ka. Ni sana'ata gyaran firigo ce da haɗa sola, abin da ya sa ma na iya riƙe akwatin gilas mai cin lita 200 na ruwan gishiri a falo ke nan, a garin da in ka ce za ka je bakin teku a mota sai ka haura kilomita 1000. Kifayen daga Legas aka kawo wa wani mai sayar da kifin ado a Kano, ni kuma na rungumo su cikin kula a kan cinyata, kusan kilomita 240, ta Daura da Matamaye.

Sunansa kadinal na Bangai. Asalinsa wasu tsibirai ne da ake kira Bangai a gabashin Sulawesi, ƙasar Indunusiya. Babbansa bai wuce santimita 8 ba, fari ne kamar azurfa, da baƙaƙen zane uku a tsaye, da fararen ɗigo-ɗigo a fukafukai da wutsiya, kuma tsarin ɗigon kowane kifi daban yake da na ɗan'uwansa. A 1933 masana suka fara rubuta shi a littafi, zuwa 2007 har an sa shi cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, saboda yawan kamun da ake yi masa don ado. Na zaɓe shi ne saboda dalili ɗaya. Yawancin kifin teku ɗiyansu kan fito kamar ƙura, sai an ciyar da su da wasu halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba ni da hanyar samunsu a nan. Shi ko wannan, mace ta zuba ƙwai, namiji ya kwashe a baki, ya riƙe har su ƙyanƙyashe, ya ƙara riƙe su kwanaki, sannan ya saki cikakkun kifaye ƴan mitsi-mitsi. Wani masunci daga Gidimuni da nake gyara wa firigo bai yi mamaki ba ko kaɗan da na ba shi labari. Ya ce ai karfasa ma haka take, sau nawa suna buɗe bakinta su tarar da ɗiya. Bambancin kawai, a karfasa uwa ce ke goyon.

Goyon farko ni na ɓata shi da hannuna. Na san manya kan cinye ƙanana da zarar an sake su, don haka a kwana na 9 na ce bari in raba shi da sauran tun da wuri. Na sa ƴar koma na bi shi, ya zille, na sake binsa, sai da na kama shi na tsoma a ƙaramin akwati. Ga zafi kuma, ruwan ya kai digiri 31 a ranar, alhali shi tsakanin 25 da 28 yake so. Da gari ya waye na tarar da kuncinsa ya sace. Na jefa abinci don in tabbatar, ya cafke. Ya haɗiye su ke nan. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da ya biyo baya ya fi koya mini aiki. Macen ba ta jira, cikin ƴan makonni cikinta ya sake cika, ta fara rawar jiki a gefensa. In ka bar su haka namijin zai yi ta ɗauka yana ramewa, tunda muddin ƙwai na bakinsa ba ya cin komai, har ya kai matsayin da yunwa za ta sa ya haɗiye. Na yanko farantin roba na huhhuje shi na raba akwatin biyu, suna ganin juna ba sa haɗuwa, na dinga ɗura masa abinci sau 3 a rana. Na bar su a rabe har bazara ta wuce, don na gane ba zan iya yaƙi biyu a lokaci guda ba. Zafin Mayu shi kaɗai aiki ne: fanka a saitin fuskar ruwan dare da rana, yadda iska ke sanyaya randa, da gorunan ƙanƙara a rufe ina sauyawa. Sai dai abin da fanka ta ba ka ta nan tana karɓewa ta can. Ruwa na tashi, gishiri ba ya tashi. Na ja layi da maka a jikin gilas, kullum in cike gurbin da ruwan daɗi zalla, wata rana lita 4, wata rana fiye. Wanda ya cike da ruwan gishiri zai wayi gari kifinsa na cikin kanwa.

Maganar gishirin ma sai da muka yi ta da Inna. Ta ga bokitin da aka kawo mini, ta ji kuɗinsa, ta ce, "Kai ɗan nan, duk kantu da bezar da ake saukewa daga Bilma ba su ishe ka ba, sai ka aika wata ƙasa?" Na ce mata ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ke cikinsa ba, akwai magniziyom da kalsiyom da fotasiyom da wasu, kowanne da gwargwadonsa, shi ya sa ake haɗa shi a masana'anta. Kusan giram 35 ake zubawa a kowace lita, wato cika akwatina sau ɗaya kilo 7 ne. Ruwan kuma ba na famfo kai tsaye ba, sai ya bi ta na'urar tacewa ta osmos, wadda kafin ta ba ka lita ɗaya mai kyau ta zubar da 3 ko 4. Wannan na zubarwar shi ya kusa haɗa ni faɗa da maiɗakina, har sai da na jawo tiyon zuwa baho ya zama ruwan wanki da wanke-wanke.

Ƙarshen Satumba na cire farantin. Kwana 6 tsakani haɓarsa ta sake kumbura, na ɗauki biro na zagaye ranar a kalandar shago. Wannan karon ban taɓa shi ba. Macen na fitar, ita ma da dare, da kwalba, ba da koma ba. Na rage hasken, na hana yara ƙwanƙwasa gilas, na daina zuba abinci a gefensa don kada in sa masa kwaɗayi.

Jiran nan da daɗi da ban tausayi. Makonni biyun farko ba abin gani sai kumburi, da yadda yakan yi kamar hamma yana juya ƙwan don ruwa ya ratsa su. Wajen kwana na 19 launin abin da ke bakin ya sauya, ya yi duhu. Kwana biyu bayan haka na ga ido. Idanu ne ƴan ƙanana masu ƙyalli, a jere, suna leƙen duniya ta tsakanin leɓɓan ubansu. Wani lokaci ƴar wutsiya ta zubo waje, ya zuƙe ta ya mayar. Cikinsa ya lotsa, bayansa ya fito. Inna da ta zo ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wannan azumi ba sahur ba buɗa-baki. Allah Ya ba mu maza irinsa." Ban tanka ba, don na san da wa take.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kwana na 18 na fara gwajin abincinsu. Sunansa artemiya, wasu ƴan jatan lande ne na tafkunan gishiri. Ƙwansu ake sayarwa a busashe cikin gwangwani, gari ne ruwan ƙasa kamar garin taba, nawa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka ya fito, kuma muddin yana bushe cikin firigo yakan daɗe bai lalace ba. Na samu gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi guda biyu, na yanke gindinsu, na kifa su baki a ƙasa, na zura tiyon iska ta murfin. Lita ɗaya ta ruwa, gishiri giram 25 zuwa 30 (a nan kam na kasuwar Dole ma ya wadatar, ba sai mai tsada ba), ɗan bikarbonat a bakin cokali, da rabin ƙaramin cokali na garin. A bar iska tana tafasa shi, fitila na haska shi. A zafin ɗakinmu kwana ɗaya cur ya isa. Sai ka kashe iskar, ka jira minti 10. Ɓawon ya taso sama, waɗanda ba su fashe ba su kwanta a can ƙasa, masu rai kuma su taru inda ka haska tocila, kamar jan hayaƙi mai motsi. Ka zuƙo su da tiyo, ka tace a ƙyalle mai laushi, ka ɗauraye. Ɓawon nan a kiyaye shi, yana toshe cikin ɗan kifi. Gora ɗaya nakan haɗa da safe, ɗaya da magariba, don kada a wayi gari babu sabo.

Sai mafaka. A teku ɗiyan wannan kifi cikin ƙayoyin bushiyar teku suke ɓuya, wata halitta mai dogayen baƙaƙen tsinkaye, kuma baƙin zanen jikinsu sajewa yake da tsinkayen. Ni da ɗiyata muka ƙera tamu. Murfin jarka muka huhhuje da allura mai zafi, muka tsittsige baƙar tsintsiyar roba sabuwa, muka soka tsinkayen ta ko'ina, muka ɗaure ɗan dutse a ciki don ya nutse. Ba kyau gare ta ba. Na ajiye ta kusa da inda uban ke tsayawa.

Daren kwana na 26 ne. Na tashi sallar asuba, ina alwala na ji muryar yarinyar daga falo, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada wani: "Abba, Abba, zo ka ga tsintsiyarmu." Tsakanin tsinkayen nan ga su a tsaye cak, kowanne bai kai santimita ɗaya ba, amma da zanensa uku da komai, kamar an ɗauki uban an ƙanƙanta shi. Muka ƙirga 14. Bakinsa bai gama sacewa ba, don haka na zuƙe waɗanda suka fito da kofi, na mai da su ƙaramin akwati mai lita 20 da na cika da ruwan babban, na tafi da bushiyar tare da su, na sa masa wata da muka yi saura. Dare na biyu ya saki 9. Jimla 23. Da rana na ba shi abinci, ya ci kamar zai haɗa da hannuna.

Akwatin renon ba komai a ƙasansa, ba yashi ba dutse, don in ga datti in zuƙe. Matacin soso ne kawai mai aiki da iska, wanda na jiƙa a babban akwati tun wata guda don ƙwayoyin da ke cinye ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna a cikinsa. Famfon ruwa mai ƙarfi zai tsotse su. Injin iskar kuwa a kan batirin sola yake, ko wuta ta ɗauke ba ya tsayawa.

Cin su na farko ba na mantawa. Na ɗiga artemiya, suka yi kamar ba su gani ba, sai ɗaya ya matso ya tsinci guda, ya koma. Minti 15 bayan haka kowane ciki ya zama ɗan jan ɗigo, don fatarsu shara-shara ce, kana ganin abin da suka ci. Da wannan nake gane wanda ya ƙoshi. Sau 4 nake ba su: bayan asuba, da hantsi maiɗakina ta ba su, da azahar in dawo daga shago a kan babur, sai bayan isha'i. Kowace yamma in zuƙe lita 2 daga ƙasa in mayar da sabo mai gishiri da zafi daidai da nasu. Makonni biyu ba wanda ya mutu, har na fara jin kaina.

Ran nan da dare wuta ta dawo, fitilar falo da aka manta a kunne ta haska gaba ɗaya. Ina zaune na ga uku sun sanƙare, baki a buɗe, sun yi ta juyawa kamar an murɗa su, suka faɗa ƙasa. Ɗaya ya farfaɗo bayan ɗan lokaci, biyu ba su tashi ba. Kashegari iska ta buga ƙofa, wani ya tafi. Ranar da maƙwabta suka yi dakan biki, taɓarya na sauka bango na amsawa, na rasa biyu. Na auna ammoniya, babu. Gishiri daidai, zafi daidai. Kifi na ci, ciki ja, amma ƙaramin motsi ya kashe shi.

Masu kiwon wannan kifi sun san abin, ciwon firgita suke ce masa, kuma tushensa abinci ne. Artemiya na cika ciki, amma ba ta da isasshen man nan da halittun teku ke da shi, wanda ake kira omega 3, musamman nau'in DHA da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ɗan kifi ke ginuwa da shi. Maganin shi ne ka ciyar da artemiyar da man, ita kuma ta kai shi cikin kifin. Akwai wanda ake sayarwa a haɗe, amma kafin ya iso mini sai an yi sati uku. Na je farmasi na sayo ƙwayoyin man kifi, na huda ɗaya na matse, na haɗa da ɗan gwaiduwar ƙwai kamar ƙwayar gero biyu, na kaɗa da ruwa a kwalba har ya yi fari kamar nono. Wani abu da ya kamata a sani: artemiyar da ta fito yanzu ba ta cin komai, sai ta yi kamar awa 8 zuwa 12 ta sake ɓawo sannan bakinta ke aiki. Don haka gora ta uku ta shigo layi. A ƙyanƙyashe, a jira rabin yini, a zuba ɗigo kaɗan na farin ruwan, a bar su cikin iska mai ƙarfi wani rabin yinin, a ɗauraye sosai.

Kalmar "sosai" ɗin nan da asara na koye ta. Rana ta uku ina sauri, wani mai kanti na ta kira firigonsa ya tsaya da kaya a ciki, na juye ba tare da na ɗauraye da kyau ba. Da na dawo ruwan ya yi hazo, yana ƙarni, kifayen sun taru a sama suna haki. Na sauya rabin ruwan nan take, duk da haka uku suka tafi. Amma daga kwana 10 da fara man, firgitar ta ɗauke. Ƙofa ta buga, su watse su shige tsintsiya, su sake fitowa. Fitilar falo kuwa na sa mata makunni daban, na kuma bar wata ƴar ƙarama tana ci kusa da su duk dare.

Hunturu ya shigo suna da wata biyu. Wanda ya sha fama da sanyaya ruwa a Mayu, sai ga shi yana neman abin ɗumama shi a Disamba. Na sa hita mai digiri 26. Ƙura kuma ta dinga kwanciya a fuskar ruwan kamar yana, sai da na rufe da gilas na bar ƴar kafa. Busasshiyar iskar nan tana shan ruwa kusan kamar fankar bazara, layin maka ya sake zama abin dubawa safe da yamma.

Yaye ya fi komai cin rai. Kifin da ya saba da abinci mai motsi ba ya kallon matacce. Na sayo kifin teku na firigo, na daskarar da tsokar, na goga a magogi ta fito kamar tsaki. Na zuba, suka bi shi da ido har ƙasa. Kwana biyar haka, ina zuƙe abin da na zuba. Dabarar da ta yi aiki ita ce in hana su na dare, da safe in saki gogaggen kifin a daidai inda kumfar iska ke tashi, yadda zai yi ta yawo kamar mai rai, haɗe da artemiya kaɗan. Babban cikinsu ya fara cafka, ya tofar, ya sake cafka. Da sauran suka ga yana ci sai kishi ya kama su. Biyu ƙanana dai sun ƙi har ƙarshe, manyan kuma suka dinga korarsu daga bushiya. Na makara wajen raba su. Da na ware su akwati daban ɗaya ya riga ya rame ƙwarai, ɗayan ma bai kai sati ba.

Saura 13. Yanzu watansu huɗu, kowanne ya kai kamar santimita 3, ɗigon wutsiyarsu ya fito sarai, sun fara hararar juna, alamar lita 20 ta yi musu kaɗan. A Damagaram ba wanda zan sayar wa, don ba wanda na sani da ke da ruwan da za su zauna. Na kira mutumin Kano, da farko bai yarda a nan aka haife su ba sai da na tura masa bidiyo. Muka daidaita zai karɓi 9, ya ba ni bokitin gishiri da gwangwanin artemiya. Jibi zan kai su, kowanne a ledarsa, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska, kuma tun gobe ba za su ci komai ba don kada su ɓata ruwan a hanya. Motar farko zan bi, in ƙetare kafin rana ta yi.

Huɗun da za su zauna ɗiyata ce ta zaɓa. Ta zana wutsiyar kowanne a bayan littafinta na lakkwal, ɗigo bayan ɗigo, don kada in yi kuskure in sa nata a leda.